Bankwana Da Tekun Indiya: Daga Tsibirin Pate Zuwa Ikko

Daga Wakilinmu

Ran Laraba 21 ga watan Fabrairu 2024, bayan sallar magariba, jirginmu na ruwa yana tsaye a gaɓar Mtangawanda ta tsibirin Pate, can arewacin bakin tekun ƙasar Kenya. Wannan shi ne darenmu na biyar a bisa ruwa, shi ne kuma na ƙarshe. Watan Sha'aban ya kusa cika, haskensa ya kwanta a kan teku, yaran jirgi sun hura gawayi a cikin wani akwatin yashi suna gasa kifin da suka kama da la'asar, ga tukunyar shinkafa da madarar kwakwa tana tafasa a gefe. Ni kuwa ina zaune a kan buhun kayana, raina fari ƙal, zama a ganina na gama shirya al'amarin komawa gida sarai.

Kafin in ci gaba, ya kamata in gaya wa masu karatu abin da ya kai mutumin tudu irina cikin teku. Na je Nairobi ne wani kwas na 'yan jarida na mako biyu. Da aka ƙare, sai na ɗauki hutuna na shekara, muka haɗa kuɗi mu uku, ni da wani abokin aiki mutumin Mombasa da wani mutumin Uganda, muka tafi Lamu muka yi hayar jirgin katako irin na Sawahilawa, wanda suke kira jahazi. Jirgin yana da dogon itace a tsakiya, an rataye masa wani ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku, sunansa tanga, shi ke kama iska ya tura jirgi. Shugaban jirgi kuwa nahoda ake ce masa. Namu dattijo ne mai furfura, ɗan ƙabilar Bajuni, mai ƙarancin magana, yana da yara uku masu ja masa igiya. Akwai ɗan ƙaramin inji a ɗaure a bayan jirgin, amma a kwana biyar bai tashe shi ba sai sau biyu.

ABIN DA MUKA GANI

Da muka bar garin Lamu mun fara yada zango a Matondoni, ƙauyen da ya yi suna wajen sassaƙa jirage. Na ga magina jirgi suna aiki da gizago da igiyar awo, ba takarda ba zane, suna cusa auduga da mai a tsakanin katakai don kada ruwa ya shiga. A wannan yanki ne aka daɗe ana yin wani jirgi mai suna mtepe, wanda ba a sa masa ƙusa ko ɗaya, sai dai a ɗinke katakansa da igiyar bawon kwakwa, har zuwa farkon ƙarni na 20 da aka daina yinsa. Daga nan muka ziyarci kufan Takwa a tsibirin Manda, garin da mutanensa suka tashi a ƙarni na 17, an ce domin rijiyoyinsu sun koma gishiri. Masallacin Juma'arsu yana nan tsaye ba rufi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kufan Shanga a tsibirin Pate. A shekarun 1980 wani masanin tarihin ƙasa Bature, Mark Horton, ya yi tono a wurin, ya tarar da masallatai an gina wani a kan wani, na can ƙasa kuwa na itace ne, wanda aka ƙiyasta an kafa shi tun wajen ƙarshen ƙarni na 8. Mai karatu ya tuna tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo da Musulunci a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Watau ana kiran salla a wannan ɗan tsibiri fiye da shekara 500 kafin zuwan Wangarawa Kano. Mu raƙumi ya kawo mana fatake da malamai ta hamada, su kuwa iska ce ta kawo musu ta teku.

Iskar nan kashi biyu ce. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, suna kiranta kaskazi, ita ke kawo jirage daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya. Daga wajen Afrilu kuma sai ta juya ta riƙa busowa daga kudu, suna kiranta kusi, ita ke mayar da jiragen gida. Kaskazi tana yin zamani ɗaya da hunturunmu, daga kusurwa ɗaya kuma suke fitowa, sai dai tamu tana ɗauke da ƙurar Sahara, tasu kuwa ta biyo ta kan ruwa. Wani abin da ya ɗaure mini kai a ranar farko shi ne alƙibla. Na yi alwala na fuskanci gabas yadda na saba tun ina yaro, sai nahoda ya kama kafaɗata ya juya ni arewa. Ashe daga Lamu, Makka tana arewa ɗoɗar.

SA'A TARA TA SAWAHILAWA

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Harshen Sawahili yana da kalmomin Larabci da yawa waɗanda kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da su: su ce habari mu ce labari, su ce sabuni mu ce sabulu, su ce kalamu mu ce alƙalami, su ce asubuhi mu ce asuba. Wannan ya sa na fara jin kaina, ina ganin na iya harshen mutane cikin kwana biyar. Tun ran Talata na tambayi nahoda da kaina, ba tafinta, yaushe za mu isa gaɓar filin jirgin sama ran Alhamis. Ya ce mini, "Saa tisa, in sha Allahu." Na san tis'in a Hausa, saboda haka na gane tisa tara ce. Jirgina na sama zai tashi ƙarfe 4 na yamma. Na ce a raina, madalla, ƙarfe 9 na safe muna can, har in haye Lamu in sayo tsaraba.

Muna cikin cin kifi a daren nan na Laraba na ambaci wannan shiri. Abokina mutumin Mombasa ya ajiye loma ya dube ni, sa'an nan ya bayyana mini cewa Sawahilawa suna fara ƙirga sa'o'insu ne daga fitowar rana. Ƙarfe 7 na safe shi ne sa'a ɗaya a wurinsu, azahar ta ƙarfe 1 sa'a bakwai, sa'a tara kuwa ita ce ƙarfe 3 na yamma. Lalle baƙo makaho ne ko da yana da ido. Sa'a guda tak ke tsakanin isarmu da tashin jirgi, in har komai ya tafi daidai. In na rasa wannan jirgi na rasa na Nairobi zuwa Ikko na safiyar Juma'a, tikitina kuwa mai rahusa ne wanda ba a canza masa rana, kuɗin da ya rage a aljihuna bai isa rabin wani ba, ga shi ran Litinin ake jirana a ofis.

Na matsa kusa da nahoda, abokina yana yi mana tafinta. Na ce, "Baba, don Allah mu tashi da asuba." Ya ce tafiyar ba ta da nisa, ba ta kai mil 20 ba, amma tilas mu bi ta Mkanda, wata siririyar hanyar ruwa da ta raba tsibirin Manda da babban tudu. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda, kowace rana kuma cikar tana jinkirta da kusan minti 50. A kwanakin cikar wata, bambancin cika da janyewa yakan kusa tsayin mutum biyu. Gobe da hantsi ruwa zai janye ƙwarai, jirgi mai nauyi irin nasa zai kafe a laka, ba zai samu wucewa ba sai bayan azahar. Na ce to akwai wata cikar cikin dare, wajen ƙarfe 2, ga kuma farin wata. Ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, shekara 40 ina wannan aiki, ban taɓa shiga Mkanda da dare da baƙi a jirgina ba, ba kuma a kanka zan fara ba." Ya ɗauki butarsa ya tafi alwalar lisha. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

JIRGI MAI GUDU

Da gari ya waye teku ya kwanta lumui kamar man shanu a ƙwarya, ba iska ko ta kaɗa gashin kaza. Ruwa ya ja da baya ya bar laka baƙa ƙirin, ƙaguwa suna ta kai da kawowa a tsakanin saiwoyin itatuwan mikoko, waɗanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Muka sha shayi mai citta da wani soyayyen burodi mai suna mahamri. Wajen ƙarfe 8 da rabi sai ga wani jirgin fasinja mai inji, irin mai gudun nan, yana lodin mutanen da motoci da babura suka kawo daga ƙauyukan tsibirin. Shi ba ya nitsewa cikin ruwa da yawa, saboda haka yana iya ratsa Mkanda tun kafin ruwa ya cika. Yaron jirgin ya hango ni da jaka, ya ɗaga mini hannu, ya ce cikin sa'a guda ina Lamu.

Na saɓi jakata. Nahoda bai hana ni ba, sai dai ya ce in tsaya in ƙirga. Na ƙirga mutum 31, ban da jarirai, ban da buhuna da kwandunan kifi da wani babur da aka kwantar a gaba. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Rigunan kariya da na gani ba su fi shida ba, su ma an yi matashin zama da su. Ya ce, "In ka shiga, mai yiwuwa ne ka isa lafiya, kullum suna isa. Amma ka iya iyo?" Na ce a'a. Ya ce, "Haraka haraka haina baraka," watau dai abin da muke cewa sauri ya haifi nawa.

Ina tsaye a nan da jaka a kafaɗa sai zuciyata ta koma gida. Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Warra ta Jihar Kebbi da mutum fiye da 150, ya tsage a tsakiyar kogin Kwara, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Ran 30 ga Nuwamba na shekarar nan kuma wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A watan Yuni 2023, a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka halaka suna komowa daga biki cikin dare. Ni da hannuna na gyara waɗannan labarai a teburin ofis, na sa musu kanu, na rubuta cewa lodi ya yi yawa kuma ba rigunan kariya. Ga ni yau ina shirin biyan kuɗina in zama na 32. Na sauke jakar, na koma na zauna, jirgi mai gudu ya tashi ya bar ni ina kallon kumfar bayansa.

CIKIN MKANDA

Wajen ƙarfe 10 da rabi kaskazi ta motsa. Yara suka jawo anka, suka haɗu a kan igiya ɗaya suna ja suna kirari har tanga ta hau, ta kumbura, jirgi ya karkata gefe ya fara tsaga ruwa. Iska tana bayanmu, saboda haka muka ratsa mashigin Manda ba wata wahala. A hannun dama muka hango sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu a Kililana, wadda Shugaba Uhuru Kenyatta ya buɗe matsayarta ta farko a watan Mayu 2021, kan wani babban shiri na haɗa Kenya da Habasha da Sudan ta Kudu. Ƙaramin yaron jirgi, wanda ɗan nahoda ne, ya ƙura mata ido, ya ce mini da Turanci can yake son samun aiki, ko kuwa ya tuƙa jirgi mai inji. Uban ya ji, bai tanka ba. Masunta da yawa sun yi kukan cewa haƙar tashar ta ɓata musu wuraren kamun kifi, har a 2018 babbar kotu ta yi umurni a biya masunta 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76.

Kafin azahar muka isa bakin Mkanda, aka sauke tanga, aka jefa anka, muka shiga jira. Wannan jira shi ne mafi tsawo a rayuwata. Nahoda ya kafa wata doguwar gora a cikin laka, ya ɗaura mata tsumma, ya ce sai ruwa ya taɓa tsumman za mu motsa. Muka yi sallar azahar a cikin jirgi muna fuskantar arewa, ni dai rabin hankalina yana kan gora. Ƙarfe 2 saura kwata ruwa ya jiƙa tsumma. Aka tashi ɗan injin nan da sauran man da ya rage, yaro ɗaya ya tsaya a goshin jirgi da gora yana auna zurfi yana faɗa da ƙarfi, nahoda yana karkata akalar jirgi dama da hagu a tsakanin itatuwa. Sau ɗaya cikin jirgin ya gogi ƙasa, muka ji gurrr a ƙarƙashin ƙafafunmu, yara biyu suka yi tsalle cikin ruwa iya ƙirji suka tura har ya kuɓuta.

Da muka fito daga Mkanda sai ga garin Lamu a gabanmu can ƙetare, fararen gidaje na dutsen murjani sun jeru a bakin ruwa, ga rufin ganyen kwakwa, ga jirage a ɗaure. A nan ne muka kwana biyu kafin mu shiga teku. Gari ne da lungunansa suka yi ƙunci har mota ba ta shiga, jaki shi ne abin hawa da ɗaukar kaya, har da asibitin jakuna da aka buɗe a 1987. A tsakiyarsa akwai ganuwar da aka gina daga 1813 zuwa 1821, wadda ta zama gidan kurkuku daga 1910 har 1984. Akwai kuma Masallacin Riyadha na Habib Swaleh, inda ake taron Mauludi da ke jawo jama'a daga ƙasashen gabashin Afirka kowace shekara. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Na so in sake taka shi in sayi alewarsu da zannuwan kikoi na tsaraba, amma sai dai na ɗaga masa hannu daga nesa.

Ƙarfe 3 da minti 10 muka ɗaure a gadar filin jirgin sama na Manda. Ba zan ɓoye wa masu karatu ba, jirgi mai gudun nan ya isa lafiya tun da hantsi, har na gane wata mata daga cikin fasinjojinsa tana zaune a inuwa tana shan ruwan kwakwa. Na biya nahoda cikon kuɗinsa, na ƙara wa yara abin goro. Shi kuma ya ciro wani ɗan faifan katako mai zanen jinjirin wata da tauraro, irin wanda suke kafawa a goshin jirage suna kiransa idon jirgi, ya danƙa mini. Na ce, "Baba, a yafe mini gajen haƙurina." Ya ce, "Ka gai da mutanen Nijeriya, Allah Ya kai ka lafiya." Na rungumi abokan tafiyata waɗanda za su ƙara kwana a Lamu, wani mai kura ya ɗora jakata, muka ruga. Ni ne fasinja na ƙarshe da aka rubuta.

HANYAR GIDA

Daga sama na hangi Mkanda kamar zare a cikin koren daji, hanyar da ta cinye mana yini guda jirgin sama ya wuce ta kafin in gama ɗaura ɗamara. Bayan sa'a ɗaya da 'yan mintoci muka sauka Nairobi, garin da ke bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,700, sanyi ya tarye ni ina sanye da 'yar shara mai ƙanshin hayaƙin kifi. Na kwana a kan kujera a filin jirgin sama na Jomo Kenyatta domin in tsimi kuɗin masauki. Duk sa'ad da na miƙe tsaye sai in ji ƙasa tana lilo da ni, abin da ke samun wanda ya daɗe a kan ruwa ke nan, bai kuwa sake ni ba sai bayan kwana biyu.

Ran Juma'a da safe muka tashi, muka yi wajen sa'a 5 a sama, na mayar da agogona baya da sa'a 2. Da muka sauka Ikko aka duba katin rigakafin shawara, aka buga mini hatimi, na fito cikin zafi da hayaniyar 'yan tasi. Abin da na fara yi shi ne buga wa mahaifiyata waya. Tun farko ba ta so tafiyar nan ba, cewa ta yi ruwa ba sa'an kwando ba ne. Da ta ji muryata ta yi hamdala, sa'an nan ta tambayi tsaraba, na ce sai dai labari da wani ɗan katako.

A hanyata ta zuwa gida motarmu ta hau gadar Third Mainland, na leƙa na ga kwalekwalen masunta na Makoko, waɗansu sun ɗaga ƙyallen buhu suna kama iska kamar yadda na baro a Pate. Tun daga ranar nake tunanin gorar nan da tsummanta. Dattijon bai yi makarantar tuƙi ba, amma yana da ƙa'idodi uku da ba ya karyawa ko don kuɗi ko don roƙo: ba ya tafiyar dare da fasinja, ba ya wuce adadin da jirginsa ke ɗauka, ba ya motsawa sai ruwa ya ba shi hanya. Ina roƙon sarakunan ruwa na Yawuri da Warra da Patigi da sauran garuruwanmu na bakin kogi, da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, da gwamnatocin jihohi, su tsaya a kan irin waɗannan ƙa'idodi a kowace tasha, a kuma wadata matafiya da rigunan kariya. Mu fasinjoji kuma mu riƙa tsayawa muna ƙirgawa kafin mu sa ƙafa, ko da kasuwa za ta watse ba mu isa ba.

Idon jirgin yana nan rataye a bangon teburina na ofis, ran Litinin ɗin kuwa na iso aiki a kan lokaci. Allah Ya kiyaye matafiya na ruwa da na tudu, amin.